Haɗa salamanda da tsaka, kwaɗo ko kififiya a akwati ɗaya: zai yiwu?

Abban Yusra:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana kafin a kashe kuɗi. Akwatin gilashi ne mai tsawon santimita 90, faɗi 45, tsayi 45, da murfin raga. Tsarin shi ne a zuba ƙasa mai laushi a sa salamandar Amurka mai rodi-rodi, Ambystoma tigrinum, guda ɗaya. A kafa rassa a sama saboda koren kwaɗon bishiya guda biyu. Sannan a bar kusurwa ɗaya a bushe da fitilar ɗumi saboda tsakar Pakistan mai ɗigo-ɗigo. Hujjar mai sayarwa ita ce kowa da bigirensa, ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, biyu a sama, ɗaya a gefe. In hakan bai yiwu ba akwai tsari na biyu: a cika rabin akwatin da ruwa, a haɗa niyut, wato dangin salamanda mai zama a ruwa, da 'yar ƙaramar kififiya. Wanne ya fi? Don Allah a kawo dalili, kada a tsaya a kan "a'a" kawai.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Duka biyun ba su yi ba, Abban Yusra, kuma da zafi zan fara, don shi kaɗai ya isa ya rushe tsarin.

Saboda waɗanda ba su taɓa ganinta ba: salamanda a ido kamar kulɓa take, ƙafa huɗu da wutsiya, amma 'yar'uwar kwaɗo ce. Ba ta da ɓawon jiki irin na ƙadangare, fatarta a jiƙe take kullum. Niyut da aksolotil duk danginta ne. Babu ita a dajinmu. A duk Afirka sai arewacin Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Waɗanda ake kiwo kusan duk daga wuraren sanyi suke fitowa.

Ga abin da kowacce ke buƙata. Tigrinum tana son digiri 16 zuwa 21, in ya haura 24 na kwanaki sai ta fara galabaita. Salamandar wuta ta Turai, mai baƙi da rawaya, 10 zuwa 18. Aksolotil ruwansa 15 zuwa 18. Ita kuwa tsakar Pakistan sai ta kwantar da cikinta a wurin da ya kai 30 zuwa 32 kafin abinci ya narke mata. Koren kwaɗon bishiya na jihohin kudancin ƙasar Amurka 24 zuwa 28 da rana. Kififiya mai jan kunne, wadda aka fi sayarwa, ruwanta 24 zuwa 27, wurin shan ɗuminta kuma sama da 30. Ka jera lambobin nan ka duba: inda jin daɗin ɗaya ya fara, nan wahalar ɗaya ta fara.

Ɗan Jos:
Malam Habu, ban ƙi lambobinka ba, amma ai saboda haka ake yin ɓangaren zafi da ɓangaren sanyi. Fitila a kusurwar dama, ƙasa mai zurfi da danshi a hagu. Salamandar nan ma a rami take yini. Me zai hana?

Injiniya Nura:
Abin da zai hana shi ne fitila ƙara zafi take yi, babu abin da ke cire shi. Ɓangaren da kake kira na sanyi ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin ɗakin ba, sai dai digiri ɗaya ko biyu da tsotsewar ruwa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa ke ragewa. A akwati mai santimita 90 kuma, ƙwan wat 50 da ke kunne awa goma sha biyu zai ɗumama iskar cikin gaba ɗaya, har gilashin da ƙasar. In ɗakin yana 25, ramin salamandar zai tsaya kusa da 25 ko sama. In ka sanyaya ɗakin zuwa 17 domin ta, da zarar an kashe fitila da dare kwaɗin da tsakar ne za su sha wuya.

Ba sai an yi gardama ba, ana iya gwadawa ba tare da dabba ba. A haɗa akwatin yadda aka tsara, a samo ma'aunin zafi biyu masu riƙe mafi girma da mafi ƙanƙantar abin da suka auna. A binne kan ɗaya santimita 8 a cikin ƙasar ɓangaren sanyi, ɗaya a kan dutsen ƙarƙashin fitila. A bari mako guda, a rubuta safe da yamma.

Ga kuma danshi. Tsakar tana son iska mai danshi kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Salamanda tana son ƙasar da in ka damƙa za ta dunƙule amma ba ta ɗiga. In ka yi ta fesa ruwa domin salamanda, tsakar ta samu ciwon numfashi da ruɓewar fata. In ka bari ya bushe domin tsakar, salamandar ta ƙame.

Maman Khalifa:
Ku bar ma zafi tukuna. Tigrinum babba takan kai santimita 20 zuwa 30, kanta faffaɗa, bakinta daga wannan gefe zuwa wancan. Ba ta tantance abinci, motsi take kai wa cafka. A daji tana cin tana, ƙwari, ƙananan kwaɗi, har jariran ɓera. Koren kwaɗon bishiya bai wuce santimita 4 zuwa 6 ba. Loma ce.

Zancen wai kwaɗon yana sama ita tana ƙasa, na rana ne. Dukansu ukun da dare suke fitowa. Kwaɗon dole ya sauko kwanon ruwa ya jiƙa jikinsa, nan kuma salamandar ke zuwa. Tsakar ta fi ƙarfin haɗiya, amma ba ta fi ƙarfin cizo ba: a kama mata ƙafa ko wutsiya, ta yar da wutsiyar, kuma a cikin wutsiyar take tara kitsenta. Sai ga miki a buɗe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

A tsari na biyu abin juyawa yake. Kififiya ce mai ci. Ƙaramar kififiya mai jan kunne nama ta fi so, kuma bakinta yanka yake yi. Za ta fara da wutsiyar niyut da yatsunsa. Haka burduddugi, haka kwaɗon ruwa mai farce, Xenopus, wanda ake samu a tafkunanmu: duk abin da ya shiga bakinsu ya tafi. Mai sayarwa yana ganin dabbobin 'yan kwanaki ne suna ƙanana, kafin bambancin girma ya fito an sayar.

Dakta Binta:
Na ƙara a kan na Yaya Maman Khalifa, ta fuskar fata. Salamanda ba ta shan ruwa da baki, ta fata yake shiga. Wani kaso na numfashinta ma ta fata ne, har akwai dangi guda, Plethodontidae, mafi yawan nau'i a cikin salamanda, da ba su da huhu sam. Ke nan duk abin da ke cikin ruwa ko ƙasar akwatin yana da hanyar shiga jininta. Kashin tsaka, garin kalsiyam da ke zuba daga jikin gyare, busasshen yashin da zai manne mata in ta ratsa kusurwar tsakar da dare, duk a jikinta za su ƙare. Kififiya kuwa ta fi kowa ɓata ruwa. Ruwan niyut ana so amoniya ta zama sifiri, naitirait sifiri, naitiret ƙasa da miligiram 40 a lita. Rabin akwatin nan wajen lita 90 ne kawai, kififiya ɗaya za ta fi ƙarfin ƙaramar matata cikin kwanaki.

Sannan akwai guba, kuma kowane ɓangare tana cutarwa. Salamandar wuta tana fitar da samandarin daga kumburin da ke bayan idanunta, yana sa jijjiga ga dabbar da ta cije ta. Niyut na yammacin Amurka, Taricha granulosa, yana ɗauke da tetrodotoksin, gubar da ke tsayar da jijiyoyin numfashi. A jihar Oregon an rubuta mutuwar wani mutum da ya haɗiyi guda ɗaya a 1979. Wasu macizan Thamnophis na yankinsa ne suka iya jure ta, su ma ba na ko'ina ba. Ƙadangare ko kififiyar da ta fito daga wata nahiya ba ta da wannan kariya. Niyut ɗin Sin mai jan ƙirji ma yana da ita, kaɗan. Daga wancan ɓangaren kuma, kwaɗon gida mai ƙuraje yana da tasa gubar a kumburin bayan kai, in ya kwana a kwanon ruwa ya bar ta a ciki, mai shan ruwa ta fata ya zo ya zauna.

Akwai haɗin da shaguna a Turai da Amurka suka daɗe suna yi, niyut ɗin Sin mai jan ƙirji, Cynops orientalis, da kwaɗon Bombina orientalis, saboda launinsu ya yi kama. Kwaɗon ya fi zafin nama wajen ci, yana cafke ƙafar niyut a zaton tsutsa ce, kuma ya fi son ɗumi. Niyut ɗin ne ke ramewa a ɓoye.

Ɗan Jos:
To na yarda tsarin Abban Yusra bai yi ba, don an kwaso dabbobin daga nahiyoyi daban-daban. Amma kada a mai da abin haramun gaba ɗaya. A tafki ɗaya a Jamus za ka tarar da niyut ɗin tsaunuka, Ichthyosaura alpestris, da kwaɗon ciyawa, Rana temporaria, suna hayayyafa tare. Zafinsu ɗaya, ruwansu ɗaya. Gidajen zu ma suna haɗa nau'i biyu ko uku a keji ɗaya. Idan an zaɓi 'yan gari ɗaya masu girma ɗaya, ina matsalar?

Malam Habu:
A tafkin nan ma niyut ɗin yana cin ƙwan kwaɗon da talibambam ɗinsa. Abin da ya sa ba a ganin asarar shi ne kwaɗon na zuba ƙwai dubbai, kuma bayan 'yan makonni kowa ya watse cikin daji. A akwati ba wurin watsewa. Gidan zu kuma yana da likita, da ɗakin killacewa, da keji na ajiya da za a kwashe dabba a ranar da aka ga matsala, kuma ya yarda da asarar da mai dabba ɗaya ba zai yarda da ita ba.

Malam Isiyaku:
Ɗan Jos, misalin da ka kawo shi ne ya fi ba ni tsoro, saboda niyut ɗin tsaunukan da ka ambata yana cikin masu ɗaukar cuta su yi yawo da ita. Cizo da cinyewa ana ganinsu da ido. Wannan ba a gani sai ta gama aiki.

Wajen 2010 aka lura salamandar wuta na mutuwa a dajin Bunderbos da ke kudancin Holan. Kafin 2013 fiye da kashi 95 cikin ɗari sun tafi. A shekarar ne masu bincike a Jami'ar Gent ta Beljiyam suka gano musabbabin, wata fumfuna ce sabuwa ga kimiyya, suka sa mata suna Batrachochytrium salamandrivorans, ana taƙaitawa Bsal. Cin fata take yi: ƙananan gyambuna zagayayyu, yawan saɓa, ƙin abinci, kasala, sannan mutuwa cikin mako biyu zuwa uku. Binciken da ya biyo baya a 2014 ya nuna asalinta gabashin Asiya ne, inda niyut na can suka daɗe da ita ba ta kashe yawancinsu, kuma cinikin dabbobin kiwo ne hanyar da ta fi dacewa da isowarta Turai. Daga nan ta ɓulla a Beljiyam da Jamus. A 2018 aka same ta a wani gandun daji kusa da Basalona, a wurin da aka tarar da baƙin niyut da wani ya saki.

Abin da ya shafi tambayarmu kai tsaye: ba salamanda kaɗai ke ɗaukarta ba. An same ta a jikin kwaɗin Bombina da aka shigo da su Jamus daga Biyetnam, kuma an nuna kwaɗon Alytes na Turai yana iya kamuwa ba ya ciwo, ya shafa wa salamanda. Ke nan kwaɗo lafiyayye, mai ci, mai tsalle, zai iya zama ajalin wadda kuka haɗa su. Ƙwayoyinta kuma suna yin makonni a ruwa da ransu.

Tana da 'yar'uwa, Bd, wadda aka sa wa suna a 1999, ita ce ta ƙarar da kwaɗi da dama a Amurka ta Tsakiya da Ostireliya. Xenopus da babban kwaɗon Amurka suna ɗaukarta ba ta dame su ba. Akwai kuma bairos ɗin ranabairos, wanda bai tsaya a dangi ɗaya ba, yana kama kifi, kwaɗi, salamanda, har kunkuru da kififiya. Ita kanta tigrinum tana da nata nau'in, wanda cinikin 'ya'yanta a matsayin abin kamun kifi ya yaɗa a yammacin Amurka.

Gwamnatoci ba su ɗauki abin da wasa ba. A Janairun 2016 hukumar kifi da namun daji ta Amurka ta hana shigo da nau'in salamanda 201. Kanada ta taƙaita shigo da su a 2017. Tarayyar Turai a 2018 ta ɗora sharaɗin killacewa ta mako shida. Wanda ke zaune a waɗannan ƙasashe ya duba doka kafin ya saya.

Dakta Binta:
Daidai ne, Malam. Sai na ƙara da wahalar magani a akwatin da aka cakuɗa, don nan ne abin ke zama ƙadangaren bakin tulu. Bsal ba ta jure digiri 25, shi ya sa maganin da aka gwada a kan salamandar wuta shi ne a riƙe ta a 25 kwana 10 cif. Amma Bd tana girma lafiya lau tsakanin 17 da 25, ita wankan itraconazole ake yi mata, minti biyar kullum wajen kwana 10, kuma maganin yana da ƙarfi a kan talibambam da sababbin kwaɗi. A ido ba a bambance cututtukan biyu da tabbaci, sai an goga auduga a fata an kai gwajin PCR, wato gwajin ɗakin bincike mai gano ko wace cuta ce. In ka ɗaga zafi bisa zato, ƙila ka galabaitar da dabbar ka bar cutar.

Ɓangaren masu rarrafe kuma, feshin da ake kashe ƙudan-cizon jikin ƙadangare da maciji da shi yawanci permethrin ne, wanda ke kashe dangin kwaɗi. Ivermectin, da ake ba wasu dabbobi don tsutsar ciki, yana kashe kunkuru da kififiya. Maganin ɗaya gubar ɗaya ne. Ko gwajin kashi ba ya yiwuwa yadda ya kamata, don ba ka san na wa ka ɗauka ba.

Ina roƙo kada kowa ya ɗauki zancen digiri 25 ya je ya gwada da kansa. Ba kowane nau'i ke jure shi ba, kuma sai da na'urar da ke riƙe zafin ba hawa ba sauka.

Abban Yusra:
Allah ya saka da alheri, an fasa duka biyun. Saura tambaya biyu. Salamanda da salamanda fa, nau'i daban? Sannan aksolotil da ƙananan kifi?

Maman Khalifa:
Nau'i daban, a'a. Dalilin cuta da Malam Isiyaku ya kawo nan ya fi ƙarfi: niyut na Asiya da salamandar Turai shi ne haɗin da ya fi kowanne haɗari. Wasu kuma mafaɗata ne. Pachytriton, mai faffaɗar wutsiya, wanda akan sayar da shi a zaton mai jan ƙirji ne, yana kashe abokin zama, har ɗan'uwansa. Masu kusancin dangi kuma suna barbara. Aksolotil da tigrinum suna haihuwa tare. A kwarin Salinas na Kalifoniya an saki tigrinum ta wasu jihohi tun shekarun 1950 saboda masu kamun kifi, ta gauraya da ta asalin wurin, har yau ana fama da abin.

Nau'i ɗaya yana yiwuwa da sharaɗi: girmansu ya zo ɗaya, kada bambancin tsawo ya wuce santimita biyu ko uku, kowacce da maɓoyarta da ƙarin ɗaya, kuma a ciyar da su da hantsaki ɗaya bayan ɗaya, a nesa da juna. 'Ya'yan aksolotil ƙasa da santimita 10 a raba su, suna cinye wa juna ƙafa.

Kifi da aksolotil kuwa, gezar numfashin da ke gefen kansa kifi ke tsinka, don kama take da tsutsa. In kifin ƙarami ne aksolotil ya haɗiye shi, in mai ƙaya ne irin Corydoras ya maƙale a maƙogwaro. Mai tsotsar gilashi kuma yakan manne a jikinsa ya kankare yauƙin da ke kare fatar. Kada a sa tsakuwa ma a ƙasan akwatinsa, yana zuƙo ta tare da abinci ta toshe hanji. Ko a bar gilashin haka, ko yashi mai laushi sosai ga manya.

Malam Habu:
Abokan zaman da ba su da laifi ƙwari ne masu share datti: 'yan fararen nan masu tsalle da ke cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, Collembola, da ƙananan ƙwarin ƙarƙashin ruɓaɓɓen itace masu ƙafa goma sha huɗu. Suna cin fumfunar ƙasa da ragowar abinci, in an cinye su ba a yi asara ba.

Akwatin nan naka ya isa tigrinum ɗaya har biyu. A zuba ƙasa zurfin santimita 12 zuwa 15, rabi ƙasar lambu da ba ta taɓa ganin taki na zamani ko maganin ƙwari ba, rabi zaren kwakwa. Ban da diddigar katako, musamman mai ƙamshi. A rufe saman da busassun ganye, a kifa ɓawon itace biyu. Gefe ɗaya ya fi danshi, ɗaya ya ɗan sha iska, ta zaɓa da kanta. Kwanon ruwa faffaɗa, zurfin santimita 3 zuwa 5, a canza kullum. Ruwan famfo a sa masa maganin cire kulorin. Ajiye shi kwana ɗaya yana korar kulorin amma ba ya korar kuloramin. Ruwan batir ba ya yi, ba gishirin ma'adinai a cikinsa. Ba fitilar ɗumi, kuma kada rana ta taɓa gilashin. Abinci tana ce ta fi, sau biyu zuwa uku a mako ga babba. In gyare ne a barbaɗa masa kalsiyam, wanda ba a ci ba a cire kafin safiya, don gyare mai yunwa yana gatsar fatar salamanda.

Injiniya Nura:
Akwai abin da ya kamata a faɗa ƙarara ga wanda ke gida. A Kano, Sakkwato, Maiduguri, Yamai ko Damagaram, watan Afrilu da Mayu zafi na haura 40, ɗaki marar iyakwandishan yana kwana sama da 30. Fanka a kan ruwa tana rage digiri biyu zuwa huɗu ne kawai. Gorar ƙanƙara tana saukar da zafi sannan ya sake hawa bayan 'yan awoyi, hawa da saukar kuma kansu cuta ne. Abin da ke aiki shi ne na'urar sanyaya ruwa ko iyakwandishan da ba ya mutuwa dare da rana, wato sai da sola da batir masu ɗaukar nauyin. Ɗaukewar wuta ta yini ɗaya a bazara ta isa. Jos da Mambila sun fi sauƙi, amma Jos ma tana taɓa 30 da rana a watan Maris. Wanda ba shi da wannan tanadi, ra'ayina kada ya sa a kawo masa salamanda ko aksolotil, komai kyansu a hoto. Rai ne.

Ɗan Jos:
A kan Jos gaskiya ka faɗa. Ni dai har yanzu ina ganin a babban keji na waje, mai murabba'in mita da yawa, a ƙasar da dabbobin suka fito, 'yan gari ɗaya da aka gwada lafiyarsu za su iya zama. Amma wannan ba akwatin falo ba ne. Tambayata ta ƙarshe: in aka raba akwatin biyu da gilashi, aka like da silikon?

Injiniya Nura:
Ya hana cizo da haɗuwar ruwa in likin ya kama sosai har sama, amma bai hana zafi ba, gilashi mai kaurin milimita 5 ba ya tare shi. Kuma ka mai da akwati ɗaya mai kyau ƙanana biyu masu santimita 45, kowanne ya yi kaɗan. Akwati biyu a kan kanta ya fi: salamanda a can ƙasa kusa da daɓe inda ya fi sanyi, tsaka a sama, don zafin fitila sama yake tashi. A sa katako ko soso mai tare zafi a ƙarƙashin na saman, a tabbata ba abin da ke ɗiga daga sama zuwa ƙasa.

Dakta Binta:
Raba akwati ba ya amfani in hannu da kaya suna haɗa su, don haka ga yadda ake yi.

Sabuwar salamanda, ko da nau'i ɗaya ce da ta gida, a ware ta a wani ɗaki aƙalla mako shida, wata uku ya fi. Robar ajiya mai murfi da ƙananan huji ta isa. A shimfiɗa farar takardar goge hannu marar turare, a jiƙa ta, a sa maɓoya ta roba da za a iya wankewa. A canza takardar duk kwana biyu. A kan fari ake ganin kashi, jini da saɓa. A riƙe zafin ƙasa da 20, don ɗumi yana danne Bsal ya ɓoye ta ba tare da ya kashe ta ba. A auna nauyi da sikelin giram duk mako, in ya ragu da kashi 10 cikin ɗari a nemi likita. Inda ake da halin PCR a yi a farko da ƙarshe.

Kowane akwati da hantsakinsa da kwanonsa da abin fesa ruwansa. Safar hannu ta naitiril marar hoda, a ɗauraye ta da ruwa kafin a taɓa dabbar, a canza tsakanin akwati da akwati. A fara hidima da salamandar gida, sannan masu rarrafe, wadda aka killace ita ce ta ƙarshe. A wanke hannu da sabulu bayan an gama, saboda salmonela da dukansu ke iya ɗauka, musamman gidan da ke da ƙananan yara.

Wajen wanke kaya, Virkon S giram 10 a lita ɗaya, a jiƙa minti biyar bayan an kankare datti, a ɗauraye sosai, a shanya. Hantsaki ana iya tsoma shi a barasar asibiti mai kashi 70. Dettol da Izal kada su kusanci akwatin, ko wanke hannu da su kafin a taɓa dabbar. A Ostireliya da Dettol wasu ke kashe kwaɗin rake, ta fata yake shiga. Haka maganin sauro na fesawa da na kunnawa da fiya-fiya, ban da su a ɗakin.

Malam Isiyaku:
Saura ruwa da ƙasar da aka cire. Kada a watsa su a kwata ko lambu, nan kwaɗin unguwa ke kwana, kuma ba su da kariya daga abin da baƙuwa ta zo da shi. Ruwan a tara a bokiti, a zuba bilic kashi ɗaya cikin goma, a bar shi minti 15 ko fiye, sannan a juye a masai. Tsohuwar ƙasa da takarda a ɗaure a leda biyu ko a ƙona. Dabbar da ta mutu a sa ta a leda a firji, ba wurin ƙanƙara ba, in za a kai wa likita a ranar ko washegari. In ba za a kai ba a ƙona ta. Wadda aka gaji da ita a nemi mai karɓa, ba a sakinta a tafki ko rafi ko da tana da alamar lafiya.